Bakin Hagu na Bindigar Papa

Malam Abdulmalik bai ko taɓa bindigar ba ya ce, "Ƙirar Ingila ce. Ta girmi mahaifinka."

Nnaemeka, makanike daga Kakuri, yana tsaye a ƙofar maƙerar sai duba agogo yake. Gobe za a tafi da gawar mahaifinsa Kudu, kuma a danginsu ɗan fari ne ke harba bindiga a bakin kabari. Shi kuwa ya kafe sai ta Papa, mai baki biyu, wadda ta shekara talatin rataye a falo ba a taɓa jin ƙararta ba.

Tsohon maƙerin ya kasa zama wuri ɗaya. Ya kwance bututun, ya rataye shi da zare, ya ƙwanƙwasa da ƙusa. Bakin dama ya amsa kamar ƙararrawa, na hagu ya yi shiru. Ya nuna tambarin da aka buga a ƙasa, da zanen da ya murɗe a jikin ƙarfen: tsohuwar ƙira ce, ba ta jure harsashin zamani. Yana bayani babban yatsansa na shafa wuri guda, zufa na karyo masa, alhali hadari ya haɗo da iska mai sanyi.

"Malam, mai kawai za ka shafa mata. Sauri nake."

"Wallahi ba za ka ɗora ta a kafaɗa ba sai na gwada."

Haushi kamar ya kashe Nnaemeka, amma ya bi shi har wani fili a bayan Kudenda. Malam ya harhaɗa bindigar, ya ɗura mata harsashi, ya ɗaure ta a wata tsohuwar taya, ya ƙulla igiya a kunamarta, suka ja baya taku talatin suka laɓe bayan kwalbati.

Bakin dama ya tashi lafiya lau. Da aka ja na hagu, bututun ya dare, daidai inda hannun mai harbi ke riƙewa.

Nnaemeka ya daɗe yana kallon yatsunsa. Ya rungume tsohon yana hawaye. "Allah ne ya kawo ni wurinka, Malam. Yaya aka yi ka gane?"

Malam ya koma wurin tayar. Ya tsuguna ya tsinci ɓallin ƙarfen, ya ƙura wa dalmar da ke manne da shi ido. Shi da hannunsa ya liƙe wata tsaga a bakin hagun da dalmar nan shekara talatin da suka wuce, ranar da ya sayar wa mahaifin Nnaemeka bindigar yana rantsuwa ba abin da ya same ta.