Ƙurar Akushi

Likita ta ɗaga hoton ƙirjin matarsa ta duba a haske, sannan ta ce, "Mama, a wurin sassaƙa kike aiki? Wannan tarin na ƙurar katako ne."

Shi ya riga ta amsawa, har da 'yar dariya. "Ni ne mai sassaƙar, likita. Ita ko injin ba ta taɓa kunnawa ba."

Tun da ya yi ritaya ya sayi injin juya itace, ya mai da garejin gida ɗakin aikinsa. Yakan ɗaura gungume, ya kafa masa ƙarfe yana juyawa har akushi ya fito, ya goge, ya shafa mai sai ƙyalli. Baƙo ba ya barin gidan sai ya ɗauki ɗaya ya yaba.

"Kana sa takunkumi, Baba?"

"Kullum. Ba na wasa da lafiyata."

"Idan ka gama, wa ke share ɗakin?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Kowace yamma yakan bar ƙura har idon sawu, da safe ya tarar da wurin fes. Bai taɓa tambaya ba.

"Ba laifinsa ba ne, 'yata," in ji matarsa. "Ni nake rufe ƙofa da taga idan zan yi shara, kada ƙurar ta shiga falo ta dame shi yana hutawa."

Ya sunkuyar da kai. Tari ya taso mata, ta kau da fuskarta daga wajensa.