Layin da Baba ya ja a yashi

Ina jin a lokacin shekarata takwas, ko tara, ban tabbata ba. Mun taso daga garin Sevran, inda muke zaune, a tsohuwar motar Baba muna bin gaɓar teku, muka yada zango a wani ƙaramin gari inda mutane ke yawo ba takalmi, ba mai sauri.

Baba mutumin Tawa ne, garin da ba teku, bai iya iyo ba. Ya sa diddige ya ja layi a yashi, ya ce, "Uwata, kada ki ƙetare nan." Ya kishingiɗa, ya rufe fuska da hula.

Bai san ruwan teku yana matsowa ba. Sannu a hankali ya shafe layin, ya kai mini idon sawu. Na rasa ko na yi laifi, sai na ƙame a wurin.

Da Baba ya farka ya ce, "Me na gaya miki?"

"Ban motsa ba, Baba. Shi ne ya zo."

Ya daɗe yana duban ƙafafuna.

Bara ina cikin tram, jirgin ƙasa na cikin gari, a Lyon aka kira ni, aka ce ya rasu. Ina jin ban yi kuka ba. Na dai tsaya inda nake har tashar ƙarshe.