Hakin Gonar Barkono

Wata yamma ina ƙarama, muna gonar barkono a Gashuwa, haki ya faɗa mini a ido. Na kai hannu zan murza.

"Kul! So kike ki makance mini?" in ji Mama.

Tun safe take tsinka, hannuwanta duk yaji. Sai ta mayar da su baya, ta durƙusa, ta lashe hakin da harshenta. Har yau ina jin ɗumin.

Da na ba da wannan shaida a zumuntar mata a Nguru, wata ta yi dariya: "'Yar'uwa, wannan ma abin godiya ne?"

Ƙwarai kuwa. Gobe ma a kansa zan gode wa Ubangiji, mai dariya ta yi ta yi.