Maɗacin Ƙofar Gida

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

An yi wani tsoho manomi da ke da maɗaci a ƙofar gidansa. Matarsa ce ta dasa shi shekarar da aka kawo ta, ta rene shi da ruwan wanke-wanke har ya fi soron gidan tsawo. Da Allah ya karɓi ranta, gindin bishiyar ya zama wurin zamansa. Ba shi da wani abin da ya rage mai ɗauke da hannunta sai wannan inuwa.

To, kun san sassaƙen maɗaci maganin ciki ne. Mutane kan zo roƙo, shi kuwa bai iya hanawa ba. Abin da ke damunsa ɗaya ne, kada a yi wa bishiyar tabo sama da ƙasa ta muzanta. Sai ya kafa sharaɗi. Kowa ya zo da gatari, sai tsoho ya ce masa, "Ɗana, sari kusa da inda na jiya ya sara. Kada ka ɓata mata jiki." Haka sara ya bi sara, tafin hannu bayan tafin hannu, har ran nan na ƙarshe ya haɗu da na fari, farin itace ya zagaye gindin kamar warwaro. Damina ta zo, ganye ya yi shar. Tsoho ya ɗaga kai ya yi murmushi, yana ganin dabararsa ta yi.

Da bazara ta dawo, maɗaci bai sake toho ba. Ya yi ta ɗebo ruwa da tulu yana zuba masa safe da yamma, ƙasa ta sha, rassa ba su amsa ba. Wani masassaƙi da ya zo wucewa ya shafa zoben nan, ya girgiza kai.

Ya ce, "Baba, ba ƙishirwa ta kashe ta ba, yunwa ce. Ruwa ta cikin itacen yake hawa, shi ya sa ka ga ganye ɗanye. Amma abincin da ganye ke haɗawa, ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka wa saiwa. Da an bar mata ko faɗin yatsa uku, da ta rayu."

Tsoho ya ce, "Ni na nuna musu wurin."

Ya zauna inda ya saba zama, rana tana dukan tsakar kansa, ya ƙi matsawa.

Ƙurunƙus. Abin da Hausawa ke faɗi ke nan, garin neman gira a rasa ido.