Ordinatar Mai Kai Wa Soji Albasa

A tashar Madawa aka sace wa wata Hajiya ordinata, wato kwamfuta, kafin azahar kumandan soji ya aiko a kira ta. Shekara shida ke nan ita ke kai wa barikin soji hatsi da albasa, ta kuma sa hannu a takarda cewa duk bayanan da ke cikin na'urar a kulle suke da lambar sirri.

Kumandan ya ce, "Hajiya, akwai sunayen direbobinki ciki, da ranakun da motoci ke bin hanyar Keita. In ƴan bindiga suka buɗe ta, rayuka za su salwanta."

"Ba su iyawa, ranka shi daɗe. Ni kaina ban iyawa. Wanda yak kulle ta ya tahi Abijan da lambar, yau shekara biyu."

"To ina kike aje bayanan?"

Ta ɗora yatsa a goshinta.

Kumandan ya rubuta a rahoto cewa an bi ƙa'ida. Ya aje biro, ya daɗe yana duban ɗankwalinta. Tun daga ranar, ko barkar suna za ta, soja biyu na biye da ita.