Hayar Shekara Biyu da Sefa

Ranar Alhamis, kasuwar Maigatari na tsakiyar ci, Ilu ɗan canji ya ja Ɗantala bayan rumfarsa ya danƙa masa wata ambulan mai kauri.

"Wani mutum ne a Damagaram ya aiko direba da ita. Gidanka na bayan tashar Gumel, hayar shekara biyu, kuma da sefa. Ba ya son a faɗi sunansa."

"Ya ga gidan?"

"Wai ya san shi. Ya ce kada a taɓa komai, a bar shi yadda yake."

Ɗantala bai yi mamaki ba. Tun da naira ta faɗi, mutanen tsallaken iyaka suka cika gari. Wanda a da yakan sayi buhu biyu ya juya, yanzu mota yake cikawa, ya kwana a masauki, ya kai iyalinsa asibiti, har ya nemi gidan da zai riƙa sauka. Abin da zai ci a kwana ɗaya a can, a nan sai ya kai shi uku. Kuɗin haya ya tashi a Gumel, masu gidaje suna ta sallamar tsofaffin 'yan haya.

Shi kuwa Ɗantala, canjin ta ɗaya gefen ya kama shi. 'Yarsa Naja'atu tana karatun jinya a Maraɗi, kuma da sefa ake biyan makarantar. Shekarar da ta shiga, ribar gero ta wata biyu ta ishe shi. Bana ya sayar da shanu biyu bai haɗa rabi ba, ga shi saura mata shekara guda ta gama. Abin da ke cikin ambulan ɗin zai rufe komai, ba sai an canza ko dala ba.

Sai dai gidan da mutum a ciki. Goggo Asama'u mai daddawa ta shekara goma sha ɗaya a nan. A nan mijinta ya rasu. Takan makara wajen biya, amma ba ta taɓa hanawa ba, kuma duk sallah sai ta aika wa matar Ɗantala ƙullin daddawa.

Kwana uku ambulan ɗin na aljihunsa. A rana ta huɗu ya je, ya tsuguna a tsakar gida ya gaishe ta, ya ce katangar baya ta tsage, za a rushe gidan a sake gini. Idonsa na ƙasa har ya gama.

Goggo ta dubi katangar, wadda babu abin da ya same ta, sannan ta dube shi.

"Gidanka ne, Ɗantala."

"Ba ki da wanda zai kama miki wani wuri, Goggo?"

"Wanda nake da shi, na rantse ba zan ci nasa ba," in ji ta, ta ci gaba da shanya kalwarta.

Cikin mako guda ta ɗaure kayanta. Keke Napep biyu suka kwashe su zuwa wani ƙauye a bayan Gagarawa, wurin 'yar ƙanwarta. Ɗantala ya so ya biya kuɗin keken, ta ce ta riga ta biya.

Naja'atu ta koma makaranta. Ta bugo waya tana kuka don murna, tana sa masa albarka.

Ya rataye makullin gidan a ƙusa cikin shagonsa na hatsi, yana jiran mai shi. Wata ɗaya ya wuce, ba wanda ya zo. Damina ta sauka, ciyawa ta rufe ƙofar. Ya tambayi Ilu, Ilu ya ce direban ya koma hanyar Agadas. Ɗantala ya daina bin hanyar tasha, sai ya zagaya ta bayan makarantar firamare ko da rana na dukansa. A gida in an sa daddawa a miya, sai ya ture kwanon ya ce ya ƙoshi.

Abin da ya fi cin sa shi ne gidan a kulle. Da ma wani na kwana a ciki, da ya ce an yi don wani abu.

A wata na uku ya ɗaura buhun gero a babur ya nufi Gagarawa, da niyyar ce mata ta dawo ta zauna har mai hayar ya bayyana. Ya tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida. Ɗakin da aka ba ta yana yoyo, sanyi ya kama mata ƙirji, ranar ce kwana bakwai da binne ta. Ya ajiye buhun ya yi ta'aziyya, aka yi ta yi masa godiya, ana cewa ga mai gidan haya na kirki.

Bayan sati biyu, da hantsi, wani mutum mai kimanin shekara arba'in ya yi sallama a shagon, da ledar atamfa a hannunsa. Harshensa ya ɗan karkata irin na Damagaram.

"Ni ne Habibullah, wanda ya aiko da saƙo ta hannun Ilu."

Ɗantala ya miƙe, ya ciro makullin daga ƙusa, ya share masa tsatsa da gefen riga ya miƙa.

Mutumin bai karɓa ba. Ya dubi makullin da mamaki, ya ɗan yi murmushi, sannan ya matso ya rage murya.

"Makulli kuma, Malam? Ai tana ciki. Shekara tara ba ta yi mini magana ba, yau nake son in gwada. Ina fata dai ba ka gaya wa mahaifiyata cewa ni na biya mata hayar ba."