Ƙwayar Tekun da Ta Saba da Gida

Ga wani misali, ko zai amfani mai dogara da idonsa. An yi wani mutumin Arewa da aiki ya kai shi bakin teku, a wani gari da sunansa ya kwanta mini yanzu. Aikinsa binciken ƙananan halittun nan ne da ake kira bakteriya, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Yakan ɗebo laka a inda ruwan gishiri ya janye, ya shafa a farantin gilashi mai ɗauke da abincinsu, wani abu kamar daskararren koko, ya rufe ya jira. In sun hayayyafa sai su fito ɗigo-ɗigo. Shekara ashirin da 'yan kai yana wannan, duk wadda ta fito sai ya tarar wani ya riga shi ganinta, har ya raɗa mata suna. Sai da furfura ta gama kama shi sannan wata ƙwaya mai ruwan goro ta fito masa, can a kwana na goma. Aka aika da ita aka karanta rubutun gadon da ke jikinta, aka duba kundin duk waɗanda aka sani, ba a sami irinta ba. Ya ƙudurta a ransa zai sa mata sunan ƙauyensu, wanda ko rafi babu, don dai ya bar wani abu a bayansa in ya ajiye aiki.

To, ƙa'idar masu wannan ilimi ita ce ba a karɓar sabon suna sai an kai ƙwayar da ranta an ajiye a ma'ajiya biyu, a ƙasa biyu, yadda kowa zai iya ɗauka ya gwada. Shi kuwa ya ji tsoron in ya kai ta, kada masu manyan na'urori su ɗauka su riga shi gama bincikenta. Ya ce sai ya kammala nasa gwaje-gwajen tukuna, ya san gishirin da take jurewa da zafin da ke kashe ta da abin da take ci. Kayan aiki kuma ba sa zuwa a kan lokaci. Haka ya zauna yana kiwonta shi kaɗai. Duk mako biyu sai ya ƙona siririyar waya a wuta, ya bari ta huce, ya zaɓi ɗigon da ya fi kowanne ƙoshi, ya mayar da shi sabon faranti, a ƙone tsohon. Bai yi nisa da garin ba ko da Sallah. Shekara biyar ne ko shida, ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne a tsakani ƙwayar ta daina nawa, mai kwana goma ta koma fitowa a kwana uku. Wata abokiyar aikinsa, sa'ar 'yarsa, ta ce masa, “Baba, ƙwayar nan taka ta cika sauri kwanan nan.” Ya yi murmushi ya ce, “Ta saba da gida ne, 'yar nan. Ko akuya in ta saba da turke, ƙiba take yi.” Ta ba shi shawarar a sake karanta gadonta. Ya ce ya san ta kamar yadda makiyayi ya san saniyarsa, ga launin nan, ga gajeren jikinta a madubi, me ya rage?

Da ya gama, ya aika da ita ma'ajiyar farko. Bayan wata biyu takarda ta dawo, cikin ladabi aka rubuta ta. Sun ce abin da ya aiko ƙwaya ce sananniya, wadda duk bokitin ruwan teku da za a ɗiba ba a rasa ta. A wani mako da ba wanda zai iya nunawa, wannan baƙuwa ta faɗa farantinsa. Launinsu ɗaya, ƙirarsu ɗaya, sai dai ta fi tasa saurin girma. Shi kuma da yake mai ƙoshi yake zaɓa, da hannunsa ya ɗauki baƙuwar ya bar tasa aka ƙone.

Ya daɗe sunkuye a kan madubin, yana neman bambanci ko da na ƙwayar zarra, bai gani ba. Saura masa wata huɗu ya ajiye aiki, gwiwoyinsa kuma sun daina yarda da laka. Abokiyar aikin ta tambaye shi a hankali yadda za a yi da farantan. Ya cire tabarau ya murza idonsa. “A dafa su a zubar,” ya ce. “Ba laifinta ba ne. Abinci ta gani ta ci.”

Shi ya sa mutanen dā suka ce, kama da wane ba ta wane.